Hasken da ke tafiya a sama bayan magariba: yadda ake gane tauraron ɗan Adam da ido kawai

Daga Damagaram zuwa Garwa, daga Tawa zuwa Njamena, lokaci-lokaci ana ganin wani haske fari yana ratsa sama bayan sallar magariba, ba ƙara, ba ƙiftawa, sannan ya ɓace. Kafin gari ya waye, bidiyonsa ya zagaye WhatsApp. Wani ya ce jirgi marar matuƙi ne, wani ya ce makami ne, wani ya ce alamar tashin duniya. A yankin da matsalar tsaro ta sa kowa ke zaune da fargaba, irin wannan jita-jita na iya hana gari barci. Sau da yawa kuwa abin da aka gani tauraron ɗan Adam ne, kuma ana iya sanin lokacin wucewarsa tun kwanaki kafin ya zo.

Me ya sa ake ganinsu?

Taurarin ɗan Adam ba fitila suke kunna mana ba. Hasken rana ne ke bugunsu ya dawo idonmu, kamar yadda yake yi wa wata. Bayan rana ta faɗi a ƙasa, abin da ke can sama da nisan ɗaruruwan kilomita yana cikin rana tukuna, mu kuma muna cikin duhu. Shi ya sa lokacin ganinsu bai wuce awa ɗaya zuwa biyu bayan magariba ba, sai kuma gabanin asuba. Da tsakar dare inuwar duniya ta rufe waɗanda ke kusa da mu. Wannan inuwar ce kuma ke sa haske ya dushe ya ɓace a tsakiyar sama alhali babu gajimare.

Waɗanda aka fi gani

Mafi haske a cikinsu ita ce Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ISS. An harba sashenta na farko a watan Nuwamba na 1998, kuma tun Nuwamba na 2000 ba ta taɓa zama babu mutane a cikinta ba. Tsawonta mita 109 ne, kusan filin ƙwallo guda, tana shawagi a nisan kimanin kilomita 400, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Cikin minti 90 da 'yan kai take zagaye duniya, wato kusan sau 16 a rana. Idan ta bi ta saman kai, haskenta ya fi na kowane tauraro, yana kusa da na Zara.

Akwai kuma tashar ƙasar Sin mai suna Tiangong, wadda aka fara haɗa ta a 2021. Ba ta kai ISS girma ko haske ba, amma ana ganinta sosai. Sai na'urar hangen nesa ta Hubble da aka harba a 1990. A nan mun fi mutanen Turai sa'a: hanyarta ba ta wuce digiri 28 da rabi arewa ko kudu da tsakiyar duniya, don haka tana iya bi ta saman Yamai ko Agadas, abin da mazaunin Paris ba zai samu ba.

Wanda ya fi tsorata mutane shi ne jerin Starlink na kamfanin SpaceX. Tun watan Mayu na 2019, lokacin da aka harba guda 60 a tashi ɗaya, kamfanin ke aika su rukuni-rukuni. A kwanakin farko bayan harbawa suna tafiya a jere kamar ayarin raƙuma, kafin kowanne ya hau mazauninsa. Su ne ke ba da intanet ɗin da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, daga baya ya shiga Nijar da Chadi.

Yadda ake bambancewa

Tauraron ɗan Adam yana tafiya a miƙe, da gudu iri ɗaya, ba ya tsayawa, ba ya juyawa, ba ya ƙara. ISS da Tiangong kan fito daga ɓangaren yamma su nufi ɓangaren gabas, kuma wucewar ba ta cika ɗaukar fiye da minti 6 ba.

Jirgin sama yana da fitilu masu ƙiftawa, da ja a fiffiken hagu da kore a na dama, kuma sau da yawa ƙararsa na biyo baya. Abin da muke kira faɗuwar tauraro ƙwayar dutse ce da ke ƙonewa a iska, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ta gama. Zara, wadda ake kira Gamzaki idan ta fito da asuba, ba a ganin motsinta cikin 'yan mintuna.

Jirgi marar matuƙi kuwa yana iya kewaya wuri ɗaya, ya sauya hanya, ya dawo, a ji gunjinsa, kuma yana iya zuwa da tsakar dare. Wanda ke zaune a yankin rikici kada ya ɗauki kowane haske a matsayin tauraron ɗan Adam. Hasken da ya yi kwana ko ya tsaya cak, ba shi ba ne.

Yadda za a shirya kallo

Ba a buƙatar wata na'ura. Manhajar Spot the Station ta hukumar NASA da shafin Heavens-Above suna ba da jadawali kyauta: a zaɓi gari, su nuna ranar, da mintin fitowa, da kusurwar da za a duba, da tsayin da hasken zai kai. A lura da agogo, domin Nijar, Najeriya, Chadi da Kamaru suna gaba da Ghana da awa ɗaya, Sudan kuma tana gaba da su da awa ɗaya.

Ana ba da tsayin ne da digiri. Idan aka miƙe hannu aka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Wucewar da ta haura digiri 40 ita ce mai daɗin kallo, wadda ke ƙasa da 20 kuwa itatuwa da katanga kan tare ta. A nemi fili nesa da fitilu, a fita minti biyar kafin lokaci, a daina kallon waya don ido ya saba da duhu. Hazon hunturu yana dusashe sama, saboda haka ƙarshen damina zuwa farkon kaka, ko daren da ya biyo bayan ruwan sama, sun fi dacewa.

Idan wani abu ya faɗo

Jefi-jefi ragowar roka kan dawo ƙasa, ana ganinta kamar tartsatsin wuta mai rarrabuwa, tana tafiya a hankali. A watan Mayu na 2020 ɓaraguzan wata rokar Sin sun faɗa wasu ƙauyukan Kodibuwa, kuma a ƙarshen Disamba na 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Wanda ya tsinci irin wannan kada ya taɓa, kada ya kai wa masu sayen ƙarfe, domin yana iya ɗauke da ragowar mai mai guba. A sanar da mai gari ko jami'an tsaro.

Ga malaman makaranta, wannan darasi ne da ba ya cin ko dala: a rubuta lokacin wucewar ISS a allo, a ce wa yara su duba da yamma tare da iyayensu, washegari su kawo labarin ta inda ta fito da inda ta ɓace. Yana da kyau a fara tun yanzu, domin NASA ta tsara ci gaba da aiki da tashar zuwa 2030, sannan a sauko da ita ta faɗa wani yanki na tekun Fasifik da babu mutane.