Idan Kwasa Ta Kai Kan Ta Ƙarshe

Matan da ke adashi a Birnin Malam ko a kasuwar Jega sun san dokarsa ba sai an rubuta ba: kowa ta yi zubi, kwasa kuma ta bi layi, wannan mako wance, mako mai zuwa mai bi mata. Muddin ana tsakiyar layi babu gardama. Rigimar tana jiran ranar da ta ƙarshe ta kwasa. A koma kan ta farko ne, ko a juyo da baya? Dokar "sai mai bi miki" ba ta ce uffan a nan ba. Shi ya sa uwar adashi mai hankali take yanke wannan magana tun ranar zubin farko, domin kuɗin da aka tara dole su faɗa hannun wata.

Irin wannan matsala ce ke zaune a zuciyar ilimin kwantum. Lissafin da Erwin Schrödinger ya fitar a 1926 yana faɗin yadda igiyar ilektiron ke gusawa daga wuri zuwa na kusa da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: yiwuwar samun ilektiron a dukkan wurare, in an tattara ta, dole ta tashi ɗaya cif, yau da gobe. Dokar da ta kiyaye wannan a tsakiyar fili kaɗai, masana lissafi suna ce mata mai daidaito. Ba ta zama cikakkiya sai an ɗora mata hukuncin bakin iyaka. A 1932 Marshall Stone ya tabbatar cewa cikakkiyar ce kawai ke iya tafiyar da lokaci gaba ba tare da komai ya zube ba.

Wajen gane ko doka za ta iya cika, Hermann Weyl ya fara share hanya a 1910, sannan wajen 1929 John von Neumann ya kawo ma'auni. A ƙirga lambobi biyu, kusan a ce ƙofofin fita da ƙofofin shiga. In duk sifili ne, doka ta riga ta cika. In sun zo daidai, akwai gyara, kuma hanyoyin gyaran ba su ƙirguwa. In sun bambanta, babu gyara ko kaɗan.

Ɗauki dokar da ke tura ilektiron gefe guda a kan gajeriyar waya. Lambobinta 1 da 1 ne: abin da ya fita ta wutsiya sai a shigo da shi ta kai, kamar komawa kan ta farko, sai dai igiyar tana iya dawowa da ɗan juyi, kuma kowane juyi halal ne. Amma wayar da ke da baki ɗaya, ɗaya gefen ya miƙa ba iyaka, lambobinta 1 da 0 ne. Adashi ne mai ta ƙarshe, marar ta farko. Kwasa ta iso ƙarshe, babu wadda za a koma wa.

Zaɓin nan yana da sakamako da ake aunawa. Ilektiron a cikin akwati, in an ce igiyar ta mutu a jikin bango, matakan kuzarinsa suna hawa 1, 4, 9. In an ce ta kwanta a miƙe a wurin, sai su fara daga sifili. A 1959 Aharonov da Bohm sun nuna cewa in an haɗa bakin waya biyu ta zama zobe, maganaɗisun da ya ratsa tsakiyarsa shi ke tsayar da wancan juyi na igiyar, ko da bai taɓa ilektiron ɗin ba.

Don haka ina kira ga ɗaliban fizis na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero: kada ku ɗauki hukuncin bakin iyaka a matsayin layin da ake haddacewa don jarrabawa. Lissafi yana jera muku abin da ya halatta ne kawai. Wanda ya tabbata a cikinsu, sai gwaji ya faɗa muku.