Me ya sa hatsi ke kwantar da dokin Sallah?

Da zarar Sallah ta matso, masu dawaki a Talata Mafara da Bakura da Maradun kan ƙara wa doki gero da dawa don ya yi kyan gani ranar hawa. A nan ne wani dokin ke kamuwa da ciwon ciki: ya ƙi ci, yana tonon ƙasa, yana birgima.

Akan ɗora laifin kan jinsi, a ce dokin Sudan ko na Ajantina ba shi da juriyar ɗan gida. Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin masana sun gano ɗan bambanci a ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune a hanjin jinsunan dawaki. Sai dai abin da doki ke ci da wurin zamansa sun fi jinsi tasiri.

Tumbin doki ƙarami ne. Harawa da ciyawa sai sun isa babban hanji, inda waɗannan ƙwayoyi ke narkar da su. Idan hatsi ya yi yawa lokaci guda, wanda bai narke ba kan gangara can, hanji ya yi tsami, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su mutu. Wani lokaci abin har ya taɓa kofato, doki ya gurgunce.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a sauya abinci kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 14. Bambaron shinkafa daga gonakin Bakolori yana da araha, amma busasshe ne, kuma idan ya yi yawa babu isasshen ruwa yana iya toshe hanji.