Makullin Mota: A Hannun Wa Ya Kwana?

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu mai sayar da motoci a nan Gidar ya wayi gari babu mota guda a filinsa. Kwaɗon ƙofa yana nan yadda aka rufe shi, ba a fasa gilashi ba, maigadi kuma ya rantse bai ji motsin kowa ba. Da muka je jaje muka tambaye shi makullai nawa motar take da su, sai ya ce shi dai guda aka ba shi. Ina na biyun? Bai sani ba. Wa da wa suka riƙe wanda ke hannunsa a cikin makon? Ya lissafa yara uku, da makanike, da mai wanki, da wani baƙo da ya zo gwaji. Babban tashin hankalin kuwa shi ne motar ba tasa ba ce, wani alhaji ne ya kawo a sayar masa a kan la'ada.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu tattauna batun da jama'armu, domin da yawa daga cikinmu da wannan sana'a muke ci.

Tun daga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, kasuwar na-hannu ta buɗe. Wasu ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko su biyo titi har Garwa. Wasu kuma daga Kwatano suke ratso Najeriya. Manyan kamfanoni masu ofis da akawu suna Garwa, kimanin kilomita 100 daga nan. Mu namu a Gidar da Figil fili ne da rumfa, da benci, da ƙusa a jikin bango inda ake rataye makullai. Iyaka kuma ga ta kusa: motar da ta bar gari da dare ta hanyar Durbeye, kafin a gama neman ta tana iya kaiwa Mubi.

Waɗanda suka manyanta suna tuna zamanin 'yan fashin kan hanya na shekarun 1990, waɗanda ake kira zargina, lokacin da ake ƙwace dukiya da bakin bindiga. Amma motar da ke ajiye a fili ba ta bukatar bindiga. Makullinta ya isa. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ya kamata mu san cewa makullai iri uku ne. Akwai tsohon na ƙarfe zalla, wanda maƙerin makulli zai yanka kwafinsa cikin 'yan mintoci, ko kuma a danna shi a jikin sabulu a ɗauki zanensa. Akwai mai ɗan guntun na'ura a cikin kansa, wanda sai kwamfutar mota ta gane shi kafin inji ya tashi. Tun 1998 aka wajabta wannan tsari a kan sababbin motoci a Jamus da Ingila, saboda haka yawancin motocin da ke zo mana daga Turai suna da shi. Irin wannan mota tana da wuyar sata ba tare da makullinta ba, shi ya sa ɓarawo ya koma farautar makullin kansa. Na uku shi ne wanda ba a zura shi ko'ina, yana aljihu mota ta buɗe. A Turai ɓarayi suna da na'urar da ke janyo siginar irin wannan daga cikin ɗaki zuwa wajen mota, maganinsa kuwa a ajiye shi a cikin akwatin ƙarfe mai rufi.

To, yaya ake binciken? A manyan kamfanoni akwai wanda ake turowa ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga motoci, ya ƙirga makullai, ya duba littafi, ya ga ko ukun sun dace da juna. Babu abin da zai hana mu yin haka da littafin makaranta da biro.

Ranar da mota ta shigo, a rubuta lambar shasinta, wadda take da haruffa da lambobi 17, a gwada ta da abin da ke cikin karti giris da takardar duwan. A rubuta makullai nawa aka karɓa, mai mota ya sa hannu. Idan guda ya kawo, a tambaye shi ina ɗayan. In ya ɓata, ƙwararren makanike mai kwamfuta yana iya goge shi daga ƙwaƙwalwar motar, ya zama ko an tsince shi ba zai tada inji ba.

Kowane makulli a ɗaura masa lamba ta cikin gida, kada a rubuta lambar motar a jikinsa, don wanda ya tsince shi kada ya san wadda zai nufa. A zuba su a akwatin ƙarfe da aka kafe a bango, mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗinsa. Makullai na biyu da takardun mota kada su kwana a fili, balle a cikin motar. Duk wanda ya ɗauka ya rubuta sunansa da lokaci, haka in ya dawo da shi. A ƙirga da safe, a ƙirga da yamma kafin kowa ya tafi gida.

Wajen gwaji ma sai an lura. A karɓi katin shaidar mai saye, a haɗa shi da yaro. In ya dawo, a tada motar da makullin da ya miƙo tun yana tsaye, domin akwai masu musanya shi da wani mai kama da shi, su dawo da dare. Yaro ya bar aiki, ko da lami lafiya aka rabu, a sauya kwaɗo. Da dare a gitta mota guda a bakin ƙofa. Sannan sau ɗaya a wata a samu wanda ba ya riƙe makulli, ko abokin ciniki ko wani dattijo, ya zo ba zato ya yi ƙirga. In kuwa ƙaddara ta faɗa, a garzaya wajen jandarma ko komisariya da lambar shasi nan take, domin da ita ce 'yan sandan duniya na Interpol, waɗanda ke da ofishin yanki a Yawunde tun 2009, suke neman motocin sata.

Mun san abin da wasu za su ce: yaya zan sa ɗan ƙanena ya sa hannu kamar ban yarda da shi ba? Amsarmu ita ce littafin nan shi ne gatan yaron. A gidan ɗan'uwanmu da muka ambata, mutum shida aka yi ta zargi, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, zumunci ya yi tsami, shi kuma ya sayar da filinsa na gona ya biya alhajin. Da akwai rubutu, da an san inda za a dosa.

A wannan ƙasa ba mu da yawa, kuma abin da ya sa maƙwabtanmu suke damƙa mana dukiyarsu shi ne sunan da iyayenmu suka bari na riƙon amana. Mota guda ta salwanta a hannun ɗayanmu, ba shi kaɗai za a ambata ba. Don haka yau da yamma, kafin a rufe ƙofa, kowa ya ƙirga nasa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.