Aiki ranar Sallah: Me doka ta tanadar wa ma'aikaci?

Yayin da jama'a ke tururuwa zuwa filin Idi, masu gadi da ma'aikatan gidajen mai da na otal-otal suna bakin aiki. Da yawansu kuma idan wata ya ƙare, ba sa ganin ƙarin ko sisi.

A Najeriya, Ministan Harkokin Cikin Gida ne ke sanar da hutun Sallah da na Kirsimeti. Sai dai Dokar Ƙwadago ba ta yanke adadin kuɗin da za a ƙara wa wanda ya yi aiki a ranakun ba. Ta bar batun ga yarjejeniyar da aka ƙulla wajen ɗaukar aiki, ko wadda ƙungiyar ƙwadago ta cimma da kamfani.

Abin da dokar ta tabbatar shi ne hutun kwana ɗaya a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 da cikakken albashi bayan wata 12 ana aiki. Ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ba da takardar sharuɗɗa cikin wata 3.

A wannan takardar ya kamata kuɗin aikin ranar hutu ya fito ƙarara, domin alkawarin baka yana da wuyar tabbatarwa a Kotun Ma'aikata.