Ajiyar Wake Ba Da Guba Ba

Damina ta ja jiki, wake ya fara bushewa a gonaki. A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun da wuya a sami manomin da ba ya shuka wake, ko a tsakanin gero da dawa, ko kuwa shi kaɗai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori bisa Gulbin Sakkwato cikin 1978, har da rani ma akwai masu shuka shi a filayen ban-ruwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar tana bi mata.

Amma kowane manomi ya san wahalar wake ba ta ƙarewa ran da aka sussuke shi. In ya sayar da kaka, a kan araha zai sayar, gama kowa ya kawo nasa kasuwa. In kuwa ya ajiye don ya jira tsadar bazara, ƙwari su huhhuje shi. Wannan ya sa waɗansu suke zuba masa guba. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, ɗan abin da aka samu bai kamata ya tafi cikin ƙwari ba, bai kuma kamata ya zama ajalin mai ci ba. Masu bincike sun gano hanyar tsere wa duka biyun.

Halin ƙwaron wake

Ƙwaron da ke huje wake tun daga gona yake biyo shi. Macen takan yi ƙwai bisa kwanson wake sa'ad da ya fara bushewa, a kwaso a kawo gida ba wanda ya lura. A cikin ɗakin ajiya kuwa bisa ƙwayar waken take manna ƙwanta, ɗan fari-fari ƙanƙane. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci daga ciki. Bayan kamar mako uku zuwa huɗu, in da zafi, sai ta zama ƙwaro, ya fasa ƙofa ya fito. Ramin nan da ake gani jikin wake ƙofar fitarsa ce, watau kafin a ga rami an riga an yi ɓarnar.

Mace guda tana iya yin ƙwai 50 ko fiye. A lissafa: in duka suka rayu, rabinsu mata, a wata na biyu za a sami ƙwari 1,250, a wata na uku 31,250. Ba duka ke rayuwa ba, amma ko kaɗan daga cikin wannan ya isa ya mai da buhu gari kafin a yi shuka. Gaskiyar masu iya magana da suka ce wake ɗaya ke ɓata gari.

Hatsarin guba

Waɗansu manoma da 'yan kasuwa sukan yayyafa wa wake fiya-fiya, waɗansu Gamalin, waɗansu kuma su jefa ƙwayar nan mai fid da iska mai guba cikin buhu, su ajiye shi a ɗakin da ake kwana. Fiya-fiya da Gamalin ba don a cuɗa su da abinci aka yi su ba. Ƙwayar kuwa aikin wanda aka koya wa ne, a ma'ajiyar da take nesa da mutane, gama iskarta tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Wanki da dafuwa ba su tabbatar da gubar ta fita duka.

An ga sakamakon wannan. Cikin 2008 'yan mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Jihar Gombe aka kai asibiti bayan sun ci wake. Cikin 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana a shigar mata da busasshen wake daga Najeriya, saboda an auna an tarar da dikilobos, watau gubar da ke cikin fiya-fiya, ta wuce ƙa'ida. Ƙa'idarsu ita ce kada ta wuce miligiram 0.01 cikin kilo guda, amma a wani waken an sami har miligiram 4.6, watau ninki 460. Cikin 2016 suka ƙara wa hanin shekara uku. Laifin kaɗan ne daga cikin masu ajiya, hasarar kuwa ta hau kan kowa.

Yadda aka gano buhu mai riɓi uku

Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari, Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka, ya haɗa kai da ma'aikatan binciken gona na garin Marwa a arewacin Kamaru, suka shiga neman hanyar ajiye wake ba da magani ba. Sun gwada toka, sun gwada zafin rana, sun gwada leda. Leda guda ba ta yi ba, gama takan huje, iska kuma tana ratsa ta a hankali. Da suka sa leda cikin leda, suka ɗaure kowace dabam, sai suka ga ɓarna ta tsaya.

Cikin 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi aka yaɗa wannan dabara a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya da Nijar. Sunan buhun PICS. A Maraɗi Dokta Ibrahim Baoua da abokan aikinsa sun yi ta gwada shi, a Najeriya kuwa cibiyar IITA da malaman gona na jihohi suka bi ƙauyuka suna nunawa. Akan ɗaure buhu a gaban jama'a da kaka, bayan wata huɗu ko fiye a taru a kwance shi a gabansu, gama gani ya kori ji. A Kano kamfanin Lela Agro ya ɗauki aikin yin buhunan, akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100.

Buhun riɓi uku ne. Na waje saƙaƙƙe ne irin na hatsi, aikinsa ya ɗauki nauyi ya kare na ciki daga gurzuwa. Na ciki guda biyu leda ce mai ƙarfi, kaurin kowace maikiron 80, watau sai an jera 12 bisa juna kafin su kusa milimita ɗaya. Wannan kauri da gangan aka zaɓe shi. Ledar da ba ta kai haka ba iska tana ratsa ta da sauri, wadda ta fi haka ƙwarai kuma ga tsada ga wuyar ɗaurewa.

Abin da ke kashe ƙwarin

Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin 100 nata wata irin iska ce da masana ke kira oksijin, ita ce ke riƙe da ran duk mai numfashi. Ƙwaro da tsutsarsa su ma da ita suke rayuwa. In aka rufe su cikin buhun, sai su yi ta shaƙar ɗan abin da ke tsakanin ƙwayoyin wake, ba wata sabuwa mai shigowa da yawa. Cikin 'yan kwanaki in suna da yawa, ko makonni in kaɗan ne, sai oksijin ta sauka wajen kashi 5 ko ƙasa da haka. Daga nan tsutsa ta daina ci, ta daina girma, haihuwa kuma ta tsaya.

Da fari an zaci shaƙewa kaɗai ke kashe su. Binciken da Murdock da Baoua da abokansu suka buga cikin 2012 ya nuna akwai wani abu kuma. Busasshen wake ba shi da ruwan da zai ishi tsutsa. Yawancin ruwan jikinta ita take yin abinta, sa'ad da abincin da ta ci ya haɗu da oksijin cikin jikinta. In oksijin ta ƙare, ruwan ya yanke, sai ta bushe ta mutu. Ashe ƙishirwa ce ke ƙarasa ta. Daga nan manomi zai gane dalilin da ya sa ƙaramin rami guda, ko yawan buɗe buhu, yake ɓata aikin duka: kowace sabuwar iska da ta shiga ruwan sha ce aka kai wa ƙwaro.

Yadda ake yi

1. A shanya wake ya bushe sarai. In aka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara, ya yi. Wake mai danshi in aka rufe shi zai yi fumfuna.

2. A sheƙe shi, a tsince kara da tsakuwa da duk abin da zai iya huda leda.

3. A duba ledojin tun ba a zuba ba. A buɗe kowace ta cika da iska, a riƙe bakinta a matsa. In tana sacewa, a ajiye ta don wani aiki.

4. A zuba ɗan wake cikin leda ta fari don ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa su duka cikin buhun waje. Sa'an nan a ci gaba da zubawa ana girgizawa, don kada a bar wurin iska. A rage wuri a sama wanda zai isa ɗauri.

5. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure tam da igiya. Haka za a yi wa ta biyu, haka kuma na waje. Kowane da ɗaurinsa dabam. Wanda ya haɗa uku ya ɗaure gaba ɗaya bai yi kome ba.

6. A aza buhu bisa katako ko duwatsu, cikin inuwa, kada ya jingina da bango. A share ɗakin saboda ɓera, gama haƙorinsa bai san leda ba. Kada a sa wa buhun ƙugiya wajen ɗauka, kada kuma a soka masa ƙarfen duba hatsi irin na kasuwa.

7. Kada a buɗe sai ran sayarwa ko ran shuka. Waken da za a riƙa ci a gida a ware shi dabam tun da fari.

Ba a sa magani ko kaɗan. Waken da aka kwance ana iya dafa shi a ranar, irin shuka kuma yana tsirowa daidai. In an kula da buhun, yakan yi kaka uku. A lura kuma, ba kowace leda biyu da aka cusa cikin buhu ce PICS ba. Mai saye ya duba tambarin, ya taɓa kaurin ledar, ya saya wurin dillalin da aka sani.

Wanda bai sami buhun ba

Dabarar ita ce hana iska shiga, saboda haka ganga ta ƙarfe mai murfi mai zare tana yin wannan aiki, jarka ma haka. Sharaɗin shi ne a cika ta fal har baki, a rufe gam, kuma kada a yi amfani da wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki. Ganga rabi ba ta kashe ƙwaro da wuri, gama iskar da ke cikinta ta ishe shi ya daɗe yana ci.

Akwai kuma gashi da rana. An auna an ga zafin digiri 57 na awa guda yana kashe ƙwai da tsutsa da ƙwaro duka. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake bisa ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu. A bar shi awa biyu da tsakar rana. Wannan yana kashe na ciki, amma ba ya hana waɗansu sababbi zuwa, don haka da ya huce sai a rufe shi a ma'aji mai kyau.

Sabon iri da iyakarsa

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda take da tashar gwajin ban-ruwa a yankin Talata Mafara, ta fid da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T cikin Disamba 2019. Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya shugabanci aikin, tare da masana na Ostareliya da gidauniyar AATF, an kuwa fara gwajinsa a killataccen fili tun 2009. An ɗauko wata ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da ake kira Bt aka sa masa, don ya kare kansa daga tsutsar nan mai cin fure da ɗanyen kwanso, wadda in ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomin da yake feshi sau shida zuwa takwas, da wannan iri sau biyu ya ishe shi, saboda sauran ƙwari masu tsotso.

Amma kada manomi ya ruɗe. Tsutsar fure dabam, ƙwaron ajiya dabam. SAMPEA 20-T ba ya hana ƙwaron ajiya, yana hujewa kamar kowane wake. Ko wane iri aka shuka, tilas a girbe da wuri da zarar ya bushe, gama kowace rana da ya ƙara a gona ƙarin ƙwai ne, a kuma rufe shi kamar yadda aka bayyana.

Manomin da yake shakka ya gwada da buhu guda bana. Ya ɗaure shi da kaka, ya ajiye wani a buhun da ya saba, ba magani, ya buɗe su tare da bazara a gaban maƙwabtansa. Ya kuma lissafa kuɗin buhun bisa kaka uku, ya gwama da kuɗin guba da kuma bambancin farashin tiya tsakanin kaka da lokacin shuka a kasuwar Talata Mafara. Wanda ke son a nuna masa ɗaurin da hannu sai ya nemi malamin gona na yankinsa tun kafin a sussuke. Allah ya ba da kaka mai albarka, amin.