Kifin loci a falo: Wanne zai jure garin da kuke zaune?

A watan Maris ɗin bara, wani maƙwabcina da ke fataucin atamfa tsakanin Kwatano da Yamai ya dawo gida da tsaraba ta daban. Wasu 'yan kifaye ne guda huɗu a cikin leda, masu faɗi kamar an danne su, da zane irin na fatar damisa. 'Yarsa mai shekara tara ta daɗe tana roƙonsa kifi, shi kuwa ya yi mata alƙawari. Mai shagon ya ce masa ai waɗannan ba su da wahala, gansakuka kawai suke ci, su ne ma za su riƙa wanke tankin. Kwana biyar suka yi a Yamai. Ranar ta shida yarinyar ta tashi ta tarar da na ƙarshensu a kwance, ranar ko makaranta ba ta je ba.

Da ya nuna mini hotonsu a waya sai na ce: "Alhaji, ai kifin rafin dutse ne mai ruwan sanyi, ka kawo shi Yamai a bakin bazara. Ko sarkin ruwa ne ke kiwonsa sai ya mutu." Ya ce to shi ina zai sani, tun da mai shagon loci kawai ya ce masa?

Nan matsalar take. Loci dangi ne babba, nau'o'insa sun haura dubu, kuma halinsu ya bambanta ƙwarai. Mafi yawansu 'yan Asiya ne, wasu na Turai, a Afirka kuwa sai 'yan kaɗan a Habasha da Maroko, shi ya sa Bahaushe bai raɗa masa suna ba. A shagunan Akara da Kumasi za ka ji ana cewa loach, a Duwala da Lome da Kwatano kuma loche. Yana da 'yan gasu a baki kamar tarwaɗa, amma ba danginta ba ne. A ƙasan ruwa yake rayuwa, yana tonon yashi yana neman abinci. Ga waɗanda aka fi kawowa kasuwa, da abin da kowanne yake buƙata.

Kuli, mai kama da ɗan maciji

Sunansa na kimiyya Pangio kuhlii, an sa masa ne don tunawa da Heinrich Kuhl, wani Bajamushe masanin dabbobi da ya rasu a tsibirin Jaba a 1821. Asalinsa ƙananan rafuka ne na Indunusiya da Malesiya, masu ruwan ɗumi da ke tafiya a hankali, ƙasansu cike da ganye. Siriri ne kamar tana, tsawonsa santimita 8 zuwa 10, da zobba na baƙi da ruwan goro. Yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 30, kuma wannan shi ne babban abin da ya sa ya fi sauran dacewa da yankinmu.

Aibinsa kunya. Da rana yakan shige cikin yashi ko ƙarƙashin kasko, sai magariba ta yi ya fito. Idan ka sayi ɗaya ko biyu, wallahi sai ka yi wata ba ka gan su ba, yara su ce an cuce su. Idan suka kai shida ko fiye sai hankalinsu ya kwanta, ka gan su a cure wuri ɗaya, kawuna a waje kamar 'yan tsaki. Tanki mai tsawon santimita 60 ya ishe su. Ba ya faɗa da kowa, kuma idan an kula da shi yakan kai shekara goma. Sai dai a rufe tankin, a kuma ɗaura ɗan soso a bakin bututun filta, domin duk ramin da ya gani sai ya shiga.

Ɗan sarƙa, abokin yara

Wannan shi ne Ambastaia sidthimunki, ɗan ƙasar Tailan. Bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, bayansa da zane baƙi kamar sarƙa a kan launin zinariya. Shi ba ruwansa da ɓuya. Da rana tsaka za ka gan su a ayari suna zagaye tsakiyar ruwa, su sauka kan ganye su huta, su sake tashi. Idan don yara su riƙa kallo ake son kifi, babu kamarsa a cikin dangin nan. Ruwa mai digiri 24 zuwa 28 yake so, da tanki mai tsawon santimita 80 ga guda shida zuwa takwas.

Matsalarsa biyu: tsada da wahalar samu. A kogunan ƙasarsa ya kusa ƙarewa, har yana cikin jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu, don haka waɗanda ke kasuwa a gonakin kifi ake haifarsu. Wanda kuɗinsa bai kai na shida ba gara ya haƙura, domin idan su biyu ne ko uku sai mai ƙarfin ya addabi sauran, wani lokaci har su riƙa cizon jelar wasu kifayen.

Mai zanen jakin dawa

Botia striata daga kogunan tsaunukan yammacin Indiya yake, musamman jihohin Karnataka da Maharashtra. Yana kai santimita 8 zuwa 9, jikinsa da siraran layuka a jere tun daga kai har jela. Mai haƙuri ne, yana fitowa da rana, kuma gwani ne wajen cin ƙananan katantanwa da ke biyo ganyen ruwa su cika tanki. Guda biyar ko shida suna buƙatar tanki mai tsawon santimita 90, wato kimanin lita 110. Amma shi ruwan da ya fi so digiri 22 zuwa 26 ne. Idan ruwa ya daɗe a 30 sai ka ga yana haki a kusa da filta, domin ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Shi ma yana cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a daji.

Yoyo, mai ƙiriniya

An sa masa wannan suna ne saboda zanen jikinsa yana ƙarami kamar an rubuta Y da O a jere. Asalinsa arewacin Indiya da Nefal. A shago za ka gan shi kamar ɗan yatsa, amma yana kai santimita 14 zuwa 15. Ba ya gajiya, ba ya jin kunya, yakan gane mai ba shi abinci, kuma yana yin wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, idan yana ci. Wani lokaci ya kwanta a gefe ɗaya kamar ya mutu, alhali hutawa yake, to kada uwargida ta kwashe shi ta zubar. Ba ya zama da kifaye masu sanyin jiki ko masu doguwar jela, kuma ayarinsa sai tanki mai tsawon santimita 120, kusan lita 200. A ɗaki ciki da falo na haya, wannan kaya ne babba.

Uku da ya kamata a yi hattara da su

Na farko shi ne wanda maƙwabcina ya saya, Sewellia lineolata na ƙasar Biyetnam da 'yan uwansa masu manne wa dutse. A rafukan kan tudu suke rayuwa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, mai sanyi, mai iska sosai. Digiri 20 zuwa 24 suke so. A Yamai ko Njamena, inda zafin rana a watan Afrilu ke haura 40, sai dai mai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa dare da rana.

Na biyu shi ne mafi kyau a ido, Chromobotia macracanthus na tsibiran Sumatara da Borniyo, mai launin lemo da baƙaƙen ɗamara uku. Ana sayar da shi yana santimita 4 ko 5, sai mutum ya ɗauka ƙaramin kifi ne. Jariri ne. Yana kai santimita 20 zuwa 30, yana wuce shekara 20 a raye, kuma a ayari yake zama, don haka tankinsa sai mai tsawon kusan mita biyu. Zafi ba ya damunsa sosai, amma ɗan kasuwar da ba shi da tabbacin inda zai kasance nan da shekara uku, ina zai kai shi?

Na uku shi ne dojo na China da Koriya da Japan, wanda ke rikicewa da iyo idan hadari ya taso. Shi ma yana wuce santimita 20, kuma ruwan sanyi yake so. Yana iya haɗiyar iska daga sama ya rayu a ruwa maras kyau, shi ya sa a wasu ƙasashen da aka sake shi cikin koguna ya yaɗu ya zama fitina. Duk kifin waje da ya gundure ka, ka mayar wa mai shago ko ka ba wani, kada ka zuba shi a rafi ko tafki.

To wanne zan saya?

Garin da kake zaune ne zai ba ka amsa. Mazauna bakin teku da kurmi, irin su Akara, Lome, Kwatano, Duwala da Kumasi, inda ruwan ɗaki kan tsaya tsakanin 26 da 29 kusan duk shekara, kuli da ɗan sarƙa za su zauna lafiya. Mazauna Yawunde da Gaundare, da ke kan tudu da sanyi-sanyi, su ne za su iya gwada mai zanen jakin dawa. Mazauna Yamai, Maraɗi, Damagaram, Garwa, Marwa, Tamale da Njamena kuwa, kuli kaɗai nake ba su shawara, shi ma da sharaɗi: a bazara a kunna 'yar fanka tana kaɗa saman ruwa, tana rage digiri 2 zuwa 3, a hunturu kuma a sa 'yar hita, domin sanyin asubar Janairu yana iya saukar da ruwa ƙasa da 20. Kafin ka sayi kifi ko ɗaya, ka cika bokiti ka ajiye a inda tankin zai zauna, ka sa ma'aunin zafi, ka riƙa dubawa da asuba da la'asar har mako guda.

Gyaran wuri kafin baƙo ya iso

Lissafin tanki ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, jarka biyu da ɗoriya, nauyinsa da gilashi da yashi ya wuce buhun siminti. A samar masa teburi mai ƙarfi, nesa da taga.

A shimfiɗa yashi mai laushi da aka wanke sosai. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakin loci, da shi kuwa yake laluben abinci. A ajiye kasko ko ɓawon kwakwa don ɓuya. Mazauna bakin teku suna da sa'a: bishiyar nan mai faɗin ganye da ke yin ja kafin ya faɗi, wadda masu Faransanci ke kira badamier, busasshen ganyenta ɗaya ko biyu a tanki yana sa ruwa ya yi kama da na rafin da kuli ya fito.

Ruwan famfo yana da sinadarin kilorin mai ƙona fukar kifi, sai a sa maganin da ake sayarwa don kashe shi, ko aƙalla a bar ruwan a buɗe kwana guda. Sabon tanki kuma yana buƙatar mako 4 zuwa 6 filta na aiki, ana ɗan jefa ƙwayar abinci, kafin ƙwayoyin da ke narkar da gubar kashin kifi su yawaita. Loci fatarsa ba ta da kariya sosai, ba ya jure sabon tanki, ba ya jure gishiri da yawa, haka ma maganin kifi mai tagulla a ciki. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Idan ya yi duhu ko ya fara wari a bincika, ruwa ba ya tsami banza.

Wajen ɗauko su daga wani gari, a ce wa mai shago ya ninka leda biyu. Galibin waɗannan kifaye suna da 'yar ƙaya a ƙarƙashin ido, kamar yadda kurungu ke da tasa a baya, tana huda leda, tana kuma maƙalewa a raga. A sa ledar cikin kula, idan an iso a bar ta tana yawo a saman tankin minti 20 kafin a sake su.

Idan maigida ya yi tafiya

Wannan shi ne abin da ya fi shafar gidajenmu, domin mai tankin yakan yi mako biyu ko uku a hanya. Yunwa ba ta cika kashe kifi ba, lafiyayye yana iya yin kwanaki bai ci ba. Ƙaunar yara ce ke kashe shi: kowa ya wuce ya zuba abinci, ya ruɓe, ruwa ya zama guba. A ƙulla abincin kowace rana a 'yar takarda kamar ƙullin magani, irin mai nutsewa ƙasa, a ba yaro ɗaya amanar zubawa bayan sallar magariba.

Sai maganin sauro. Na fesawa guba ne mai tsanani ga kifi. Kafin a fesa a kashe famfon iska, a rufe tankin da tawul, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Hannu mai sabulu ko man shafawa ko turare kada ya shiga ruwan. Idan an ɗauke wuta, abin da mutanen Gana ke kira dumsor, ɗan famfon iska mai batir yana ceton rai. In babu, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubawa daga sama lokaci-lokaci, kuma kada a ba su abinci sai wuta ta dawo.

Dabbar da ka tsare a gida, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka, malamanmu kullum suna tunatar da mu wannan. Maƙwabcina dai ya bari har damina ta sauka, ya wanke tankinsa, ya zuba yashi, ya yi haƙurin mako biyar, sannan ya kawo kuli guda bakwai. Yanzu sun kusa shekara. 'Yarsa ce mai ba su abinci, kuma ta ce duk ta san su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ni har yau ban taɓa ƙirga fiye da biyar a lokaci guda ba.