Akwatin da ba ya barci: dekoda mai naɗar shirye-shirye da kuɗin wutar gidajenmu

Idan dare ya raba, maigida ya kulle ƙofa, uwargida ta kashe fitilu, yara kuma sun kwanta, mukan ɗauka cewa kowa da komai na gidan ya huta. Amma wanda ya leƙa falo a wannan lokaci zai tarar da wani ɗan jan haske a ƙarƙashin telebijin. Idan ya ɗora hannunsa a kan dekodar, sau da yawa zai ji ta da ɗumi, alhali tun bayan sallar isha'i aka danna mata telekomand. Ɗumin nan wutar lantarki ce ake sha, kwantar gidan tana ƙirga ta, kuma mu ne za mu biya a ƙarshen wata. Saboda haka muka ga ya dace mu duba wannan al'amari tare da ku, ƴan'uwa masu karatu, musamman game da dekoda mai faifan ajiya a cikinta, wadda ke naɗar shirye-shirye domin a kalla daga baya.

Kashewa ko likimo?

Maɓallin da ke jikin telekomand ba ya yanke wa dekoda wuta. Abin da yake yi shi ne sanya ta cikin halin da ake rubutawa «veille» da Faransanci, wato likimo. Hoto ya ɗauke, amma a cikin akwatin aiki bai tsaya ba. Na farko, dekoda ce ke aika wuta ta cikin waya zuwa ga ɗan kan da ke gaban faranti a saman ɗaki, wanda ke kamo saƙon tauraron ɗan adam. Na biyu, tana sauraren kamfanin da ya sayar da ita domin karɓar jadawalin shirye-shirye, da gyaran manhajarta, da kuma shaidar cewa an biya abonema. Na uku, idan mai naɗa ce, akwai faifan ajiya irin na kwamfuta, wanda a yawancin tsofaffin akwatuna yake juyawa dare da rana domin ya kasance a shirye. Shi ya sa wasu akwatunan, wutar da suke sha a cikin likimo ba ta da bambanci sosai da wadda suke sha lokacin da ake kallo.

Wannan irin akwati ya fara fitowa kasuwa a Amurka a shekarar 1999, da sunayen TiVo da ReplayTV. A Ingila kamfanin Sky ya fitar da nasa mai suna Sky+ a 2001. Jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu, domin mutum na iya tsayar da shiri ya je ya biya wata buƙata, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai ba a daɗe ba aka gano cewa linzamin akwatin ba a hannun mai gida kaɗai yake ba.

Baƙon da ba a gayyata ba

A watan Mayu na 2002, masu akwatin TiVo a Ingila suka wayi gari suka tarar da wani wasan barkwanci na BBC mai suna Dossa and Joe a naɗe cikin akwatunansu. Babu wanda ya nemi a naɗa masa. Kamfanin ne ya tura umurnin daga nesa bisa yarjejeniya da gidan telebijin ɗin, domin a tallata shirin, kuma masu akwatin ba su da ikon share shi nan take. Mutane da yawa suka fusata. Kamfanin ya kare kansa da cewa an ajiye shirin a wani sashe na faifan da tun farko aka keɓe domin irin wannan aiki, bai taɓa rabon mai akwatin ba. Wannan amsa ita ce ta buɗe wa mutane ido: ashe a cikin akwatin da suka saya da kuɗinsu akwai ɗaki guda wanda mabuɗinsa ke hannun wani.

Bayan shekaru biyar abin ya zama tsari na yau da kullum. A watan Maris na 2007 kamfanin Sky ya soma wani aiki mai suna Sky Anytime, inda ake turo zaɓaɓɓun finafinai da shirye-shirye cikin dare ta tauraron ɗan adam, su zauna a cikin akwatin har zuwa ƴan kwanaki. A akwatin Sky+HD na wancan lokaci, mai faifan jigabait 300, an ware jigabait 140 domin abin da kamfanin ke turowa, mai gida kuma aka bar masa 160. Irin wannan dabara ta iso nahiyarmu: dekodar DStv Explora da ta fito a 2013 an ƙera ta da sashe na musamman a faifanta, inda shirye-shiryen Catch Up da finafinan haya na BoxOffice ke sauka ta tauraro ba tare da an nema ba.

Ba mu ce tsarin ba shi da amfani ba. A inda intanet ke da tsada ko rauni, hanya ce ta samun shiri mai kyawun hoto a lokacin da mutum ya ga dama. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata iyali su sani. Na ɗaya, akwati ba zai karɓi saƙo cikin dare ba sai yana a farke, kuma wutar wannan farkawa daga aljihun mai gida take fita, ko ya kalli shirin ko bai kalla ba. Na biyu, wanda ya zaɓo shirin bai san gidanku ba, bai san shekarun yaranku ba. Uba na iya tantance tashoshin da ake kallo a gidansa, ya manta cewa akwai wata taska a cikin akwatin da ke cika da kanta.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2011 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna NRDC ta fitar da binciken da ya girgiza masu wannan sana'a. Ta gano cewa akwatunan telebijin kimanin miliyan 160 da ke gidajen Amurka sun sha wutar da ta kai kilowat-awa miliyar 27 a shekarar 2010, daidai da abin da manyan tashoshin lantarki tara masu aiki da gawayi ke samarwa. Kuɗin wannan wuta ya kai dalar Amurka miliyar 3 a shekara, kuma kashi biyu cikin uku an sha shi ne a lokacin da babu mai kallo. Binciken ya ƙara da cewa gidan da ke da dekoda mai naɗa guda da wata dekoda ta biyu yana shan kilowat-awa 446 a shekara a kansu kaɗai, fiye da abin da sabon firigo mai tsimin wuta ke sha.

Lissafin ba shi da wuya, kowa na iya yin sa a gida. A shekara akwai awa 8,760. Duk na'urar da ke shan wat 1 ba tsayawa, ta sha kusan kilowat-awa 9 ke nan a shekara. Dekodar da ke shan wat 20 dare da rana za ta sha kimanin kilowat-awa 175. Idan muka ƙaddara, don misali kawai, cewa kowane kilowat-awa yana kan CFA 100, to an kashe jika 17 da rabi a shekara, kamar dai a bar ƙwayayen fitila biyu masu wat 10 a kunne shekara guda cur. Ga mai amfani da hasken rana lamarin ya fi tsanani. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, kuma idan irin na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa. Dekoda mai wat 20 tana cinye wat-awa 480 a kwana ɗaya. Wanda fankarsa ke mutuwa kafin asuba a lokacin bazara, ya binciki falonsa kafin ya zargi batir.

Matakan da aka ɗauka a wasu ƙasashe

Tun a 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi kira da a rage wutar likimon kowace na'ura zuwa wat 1. Tarayyar Turai ta mayar da wannan doka a 2008: daga 2010 wat 1, daga 2013 kuma rabin wat ga yawancin kayan gida. A 2009 ta wajabta wa ƙananan dekodoji su shiga likimo da kansu idan aka yi awa uku ba a taɓa su ba. Manyan akwatunan kamfanonin abonema kuwa an bi da su ta hanyar yarjejeniyar sa-kai, haka ma aka yi a Amurka a 2012. Sakamakon haka, sababbin akwatuna sun fi na da tsimi nesa ba kusa ba, kuma da yawa suna da barci mai zurfi wanda faifai ke tsayawa a cikinsa. Sai dai kasuwanninmu cike suke da tsofaffin kaya da aka shigo da su bayan an gama amfani da su a wani wuri, kuma waɗannan ba su san da wata doka ba.

A ƙasa irin Nijar, inda mafi yawan jama'a ba su da lantarki a gida, wannan magana tana da nauyi. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, har sai watan Maris na 2024 aka maido ta. Wanda ya kwana cikin duhu da zafi a Yamai ko Maraɗi a waɗannan watanni ya san darajar kowane wat. Barin na'ura tana shan wuta babu mai amfana almubazzaranci ne, ko da ƙarami ne, kuma da ɗigo-ɗigo tulu ke ƙarewa.

Abin da za mu iya yi a gida

Da farko mu taɓa akwatin da safe kafin a kunna shi. Idan da ɗumi, to bai yi barci ba. Mu duba rubutun da ke jikin cajarsa: idan an rubuta bolt 12 da amfiya 2, ninka su zai ba da wat 24, wato iyakar abin da zai iya ja. Sannan mu shiga wurin saituna mu nemi tsarin tsimin wuta ko barci mai zurfi mu kunna shi. Akwatin zai riƙa ɗan jinkiri wajen tashi, amma haƙurin minti ɗaya ya fi asarar shekara. Idan akwai damar hana saukar shirye-shiryen da ba mu nema ba, mu hana, idan kuma babu, mu sanya lambar sirri ta iyaye, mu riƙa leƙa taskar lokaci zuwa lokaci.

Ga daren da ba a shirya naɗar komai ba, ko lokacin tafiya, a haɗa telebijin da dekoda a kan abin jona wayoyi mai maɓalli guda, a kashe su gaba ɗaya. Amma a kiyaye abu biyu: kada a yanke wa akwati wuta yana tsakiyar naɗa, domin hakan na iya lalata faifan, kuma wanda ya daɗe a kashe yakan buƙaci ƴan mintoci a kunne kafin tashoshin abonema su dawo. A ƙarshe, ranar da za mu sayi sabuwar dekoda, bayan mun tambayi yawan tashoshi da kuɗin wata, mu tambayi mai kanti wat nawa take sha idan an kashe ta da telekomand.

Allah ya sanya albarka a cikin abin da muke samu, ya kuma ba mu ikon tattalinsa.